Kwalekwalen Tsoho Mou

Yayata Kang Peiyun da mijina Mou Jingde sun yi shekara talatin da 'yan kai suna musu a kan abu guda, kuma yawancin musun a kan teburin cin abincina aka yi shi. Ni ce Peilan. Koyarwa na yi a firamare har na yi ritaya, ban taɓa tono komai daga ƙasa ba sai dankali, amma labarin nan babu wanda ya fi ni saninsa.

Daga masu buga bulo abin ya faro. A Songtuo, ƙauyen da ke gangaren kogi, suna haƙar yumɓu sai digar ɗayansu ta daki wani abu mai ƙara. Da aka buɗe wurin sai ga rami cike da toka, da ƙonannun hauren giwa, da fuskokin tagulla masu dara-daran idanu. Komai an farfasa shi da gangan, an cinna masa wuta, sannan aka jera shi hawa-hawa aka binne. Masana suka ce ya kai shekara dubu uku. Ba a sami rubutu ko kalma ɗaya ba. Mutanen da suka yi kayan ba a san sunansu ba, ba a san yarensu ba, ba a san abin da ya sa suka lalata abin da suka fi ƙauna ba, ba a kuma san inda suka nufa bayan nan ba.

A lokacin Yaya ce mai gyaran kayan tagulla a gidan tarihi na gundumarmu, ba ta daɗe da dawowa daga Chengdu inda ta koyi aikin ba. Jingde kuma sabon malamin tarihi ne da aka turo daga jami'a, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Ina kai wa Yaya abincin rana ya gan ni, ya cinye mata rabin awara yana yi mini bayanin hauren giwa. Ya girme ta da shekara biyu, amma tunda ƙanwarta ya aura dole ya kira ta Yaya, ita kuwa ba ta taɓa ɗaga masa ƙafa ba.

Cikin tarin gutsattsarin da aka zube mata akwai wasu da ta ware gefe. Hunturu biyu ta yi tana haɗa su, yatsunta duk sun tsattsage da sanyi. Da ta gama, abin ya kai tsawon hannun babban mutum. Lanƙwasasshe ne, mai rami a tsakiya, ɗaya bakin siriri mai tsini, ɗayan kuma a karye, karaya mai haƙora-haƙora. A cikinsa 'yan mutane uku na tagulla suna tsaye a jere, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, duk sun fuskanci wajen karayar, sun kai hannuwa baki kamar masu ƙwala kira.

Jingde na ganinsa ya ce, “Kwalekwale ne!”

Daga nan ya gina komai. Ya ce mutanen kogi ne, ta ruwa suka zo, ta ruwa suka tafi. Ya ce ambaliya ce ta ci garinsu, sai suka ƙone gumakan da suka kasa kare su, suka shiga jirage suka gangara, 'yan mutanen ukun kuma matuƙa ne suna kiran juna cikin hazo. Ya bi kogin a ƙafa da kan keke har cikin duwatsu yana neman tsofaffin mashigai, ya dawo da zazzaɓi da kaska. Ya rubuta littafi mai kauri, kuma littafin ya yi kyau. Ni kaina na yi kuka a babin ambaliya.

Yaya ba ta taɓa cewa ba kwalekwale ba ne. Cewa take ba ta sani ba, kuma wannan ne yake haukata shi.

“Yaya, ke kika haɗa shi da hannunki. Me ya yi kama da shi?”

“Ya yi kama da kwalekwale.”

“To!”

“Kai ma ai ka yi kama da mai hankali. Miƙo min barkono.”

“Duk masana sun yarda, har na Beijing.”

“Su ma guntun suka gani, kamar ni. Ina sauran? Kawo min sauran in gaya maka.”

Haka za su yi ta yi har romo ya huce. 'Ya'yana da wannan musun suka girma. Ɗiyata tana 'yar ƙarama idan aka tambaye ta aikin babanta sai ta ce faɗa da Inna Peiyun.

Wata shekara aka shirya babban baje koli, manyan baƙi za su zo daga birni. Shugaban gidan tarihin na lokacin, mutum mai son abu ya yi kyau a hoto, ya kira Yaya ya ce kwalekwale mai karyayyen goshi abin kunya ne. Ya buɗe littafin Jingde ya nuna mata zanen da ya yi na yadda yake zaton goshin yake, da kan tsuntsu a gaba. Ya ce ta sa magagari ta goge haƙoran karayar su daidaita, ta zuba sabon goshi ta liƙa, ta shafa masa koren tsatsa, babu mai ganewa.

Yaya ta ce ba za ta yi ba. Ya lallashe ta, ya yi barazana, ta ce abin da aka goge ba ya dawowa. Sai ya aika a kira Jingde, don ya tabbata mai littafi zai so ya ga zanensa ya zama tagulla.

Yaya ta gaya min daga baya cewa Jingde ya daɗe yana kallon zanen, har ta fid da rai. Sannan ya rufe littafin ya ce, “Shugaba, kwalekwale ne, ba ni da ko shakka. To idan ba ni da shakka, me zai sa a ƙera min hujja? A bar shi yadda ƙasa ta ba mu.”

An baje shi da karayarsa. Yaya aka mayar da ita ɗakin ajiya tana goge kawunan kibiya na wani lokaci, Jingde kuma aka cire sunansa daga wata tafiya ƙasar waje da ya daɗe yana mafarki. Ranar da aka gaya masa na dafa masa agwagwa don ya huce, Yaya ta zo, ta ɗauki cinya da tsinken cin abincinta ta ajiye masa a kwano. Ban taɓa ganin ta yi masa haka ba. Yana gama ci ta ce, “Amma fa har yanzu ban ce kwalekwale ba ne.”

Shekaru suka tafi. Gari ya rungumi kwalekwalen. Aka sa shi a jikin kwalin shayi, aka sa wa gidajen abinci sunansa, aka gina wani ƙato na siminti a tsakiyar shataletalen shiga gari, da goshinsa da kan tsuntsunsa, tunda siminti ba ya neman izinin Yaya. Jingde ya yi furfura, ya zama Tsoho Mou a bakin kowa. Yaya ta yi ritaya, hannunta ya fara rawa, ta koma gidan shayi na bakin kogi tana cinye ƙawayenta a wasan majan, mai kama da karta.

Sai aka gano wani ramin, ba nisa da na farko, a ƙarƙashin wata gonar kabeji. Mai jagorantar haƙar ita ce Lei Anping, tsohuwar ɗalibar Jingde, wadda yanzu ita ma ta fara furfura. Aikin ya canza. An rufe ramin da ɗakin gilashi, masu tono suna sanye da fararen kaya har kai, suna kwance rub da ciki a kan katakon da ke reto a sama don kada ƙafar kowa ta taɓa toka. Da bazara ta yi waya ta ce malaminta ya zo ya ga wani abu da ya fara leƙowa. Na raka shi saboda gwiwarsa.

Fuska ce. Mun saba da fuskokin Songtuo, amma wannan faɗinta ya fi teburin majan. Tana kwance a karkace, rabi cikin toka, idanunta a buɗe, bakinta a ja kamar mai riƙe dariya. Tsatsarta koriya shar, kamar gansakuka bayan ruwa. Anping tana ta bayani, Jingde yana gyaɗa kai yana murna, sai na ga ya daina gyaɗawa.

“Anping, a kwantar da ni a kan katakon nan.”

“Malam, gwiwarka fa.”

“Gwiwata ce ko taki? A kwantar da ni.”

Aka sa masa fararen kaya, aka sauke shi a hankali har fuskarsa ta kusa taɓa gefen fuskar. Wajen da kunnen dama ya kamata ya kasance babu komai, an ɓalle shi, sai karaya. Ya daɗe a wurin. Da aka ɗago shi ya yi wa kowa godiya, ya yaba aikin, ya kama hannuna muka fito.

Muka tsaya a shagon taliya, aka kawo masa mai yajin da yake so, ya yi ta juya ta da tsinke bai kai baki ba.

“Tsoho, lafiya? Ƙirjinka ne ke ciwo?”

“Peilan,” ya ce, “kunne ne.”

“Kunnenka ke ciwo?”

“Kwalekwalen. Ba kwalekwale ba ne. Kunnen fuskar nan ne. Haƙoran karayar nan na fi sanin su fiye da na bakina. Babba, ƙanana biyu, sannan mai lanƙwasa. Ga gurbinsu can a jikinta.”

Babu wanda ya lura a wurin, don har lokacin laka ta rufe rabin karayar. Na san wata rana za a gano, amma wataƙila sai bayan shekaru, wataƙila bayan ba ya nan. Ban ce ya yi shiru ba, amma ya ga tunanin a fuskata, ya yi ɗan murmushi.

“Tashi mu je wajen Yaya,” ya ce.

Muka same ta a gidan shayi a kan kujerar gora, ana tsakiyar wasa. Ya tsaya a kanta kamar ɗalibin da ya makara.

“Tsoho Mou, ka tare min haske. Wa ya mutu?”

“Littafina.”

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. Ya gaya mata. Ƙawayenta sun zata za ta kwashe da dariya, ni ma haka na zata. Sai ta kife 'ya'yan majan ɗinta a kan tebur, alhali ita ke kan ci.

“Ka taɓa da hannu?”

“Da ido kawai.”

“Idonka da ya ga kan tsuntsu? Kada ka yi saurin kuka, sai an gwada. Zauna ka sha shayi, fuskarka ta yi fari kamar awara.”

Washegari shi da kansa ya je ya gaya wa Anping. Ta ce ta kusa faɗuwa daga kan katako.

Kafin a ciro fuskar, a tsabtace ta, a ƙarfafa inda ta yi rauni, rani ya wuce. Na'urarsu ta auna karayar biyu ta ce sun dace. Amma Anping ta ce ba za a haɗa ba sai Shifu Kang tana wurin, haka duk masu gyara suke kiran Yaya, wato babbar gwana, ko waɗanda ba ta koyar ba. Yaya ta ƙi da farko, ta nuna mata hannayenta yadda suke karkarwa. Anping ta ce, “Mu muna da hannu, Shifu. Ke ki zo da ido da baki.”

An bar ni na shiga, na tsaya a bango. Fuskar tana tsaye a kan wani marikin ƙarfe, ta fi ni tsawo. Masu gyara biyu suka ɗauko kwalekwalen daga akwatinsa, suka nufo ta da shi a kwance, yadda muka saba ganinsa. Yaya tana gefe da safar hannu, ta ɗora yatsa ɗaya a ƙarƙashinsa.

“A hankali. Ɗaga tsinin kaɗan. Ya yi yawa. Kai mai hula, numfashi kake ko tuƙa keke? Sauke. Tsaya. Yanzu matsa.”

Ban ji ƙara ba. Haƙoran suka shige gurbinsu ɗaya bayan ɗaya, layin karayar ya ɓace har sai ka matso kake ganinsa.

Kunne ne, miƙe zuwa gefe kamar fiffike, mai tsini a ƙarshe. 'Yan mutanen uku suna tsaye a cikinsa, sun fuskanci ƙaton kan, hannuwa a baki, suna yi masa magana. Shekara talatin muna kallonsu muna zaton kogi suke kira, ashe akwai wanda suke gaya wa wani abu, shi kuma ya buɗe ido yana saurare.

Jingde ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce da ƙaramar murya, “Ya fi kwalekwale kyau. Kai, ya fi shi kyau nesa ba kusa ba.”

Yaya ba ta ji shi ba. Ta zagaya bayan fuskar da 'yar fitila, tana bin mahaɗar da ido. Can ta kira mu. Ta nuna wani wuri da bai kai ƙwayar waken soya ba, daidai inda kunnen ya haɗu da kai.

“Kun ga nan? Zubin ya ba shi matsala, tagullar ba ta cika ba, ta bar rami. Sai ya toshe, ya goge. Rabin toshin yana jikin fuskar, rabi yana jikin kunnen. Hunturu biyu na yi da wannan guntun a hannuna, na wanke shi, na juya shi ta kowane gefe, ban gani ba. Sai yau da ɗaya rabin ya nuna min.” Ta girgiza kai. “Ba shi da fitila irin wannan, ba shi da tabarau. Gawayi kawai da yumɓu. Wannan mutumin ya fi ni. Da zan same shi da na share masa maƙera shekara goma ya koya min.”

Ban taɓa jin Yaya ta ce wani ya fi ta ba, ko malaminta na Chengdu.

Labari ya bazu. Wasu a gari ba su ji daɗi ba, musamman masu kwalin shayi. Kwalekwalen simintin yana nan a shataletale, an ce rushe shi wahala ne, direbobi kuma yanzu suna ce wa wurin Kwanar Kunne. Wasu abokan aikin Jingde suka ba shi shawara ya ce da ma a littafinsa ya bar ƙofa a buɗe. Ya ce bai bar ko taga ba. Ya nemi a ba shi babban zauren jami'a, ya tsaya gaban ɗalibai da littafin a hannu, ya bi shi babi-babi yana nuna abin da ya rushe da ɗan abin da ya tsira, wato taswirar tsofaffin mashigai da ya bi da ƙafarsa. Ya ba su labarin magagarin da aka so a sa wa karayar, ya sa Yaya ta miƙe aka tafa mata, ita kuwa tana harararsa.

A ƙarshe wata ɗaliba ta ɗaga hannu. “Malam, to wane ne mai fuskar? Kuma me suke gaya masa?”

Ya buɗe baki. Na ga amsa tana taruwa a goshinsa, na san alamar. Sai ya dubi layin gaba inda Yaya take zaune da hannu a ƙirji.

“Ban sani ba,” ya ce. Zauren ya fashe da dariya, shi ma ya yi. “Amma ina da zato guda uku, duk mai so ya same ni a ofis.”

Kunnen hagu ma an ɓalle shi, kuma ba a same shi ba. Ba ya cikin ramin farko, ba ya cikin na biyu. Me ya sa aka raba kunne da kai aka binne su daban, ko akwai wasu 'yan mutanen a ɗaya kunnen, ko suna faɗa masa akasin abin da waɗannan ke faɗa, babu wanda ya sani. Na'urar Anping ta nuna akwai wasu ramukan a ƙarƙashin gonakin da ke yamma, aƙalla biyu, wataƙila fiye.

Da furannin gonakin suka yi rawaya bana, Anping ta kai mu can mu uku, ta tsayar da mu a kan kunya. Ta ce sun yanke shawara ba za su taɓa wurin yanzu ba. Hauren giwa yana ruɓewa da zarar ya sha iska, alharinin da ke manne da tagulla yana zama ƙura, kuma har yanzu ba su da dabarar tsare su yadda ya kamata. Za a bar wa na baya, masu kayan aikin da suka fi nasu.

“Na baya wane lokaci?” Jingde ya tambaya.

“Shekara ashirin, Malam. Ko hamsin.”

Ya dubi gonar, ya buga sandarsa a ƙasa. “Wato kunnen hagu yana nan ƙarƙashin ƙafata, kuma ba zan gan shi ba.”

“Wa ya ce maka yana nan?” in ji Yaya. “Har ka fara.”

“To ina zai je?”

“Ka tambayi wanda ya ɓalle shi.” Ta juya ga Anping. “Kin yi daidai, yarinya. A bar shi ya yi barcinsa. Ki dai gaya wa manomin nan kada ya zurfafa garma.”

Manomin yana can nesa yana kallonmu, ya ɗaga hannu, muka ɗaga masa. Jingde ya ƙara tsayawa kaɗan, ya sunkuya da ƙyar ya ɗebi ƙasa ya murza a yatsu, ya shinshina, ya zubar. Sannan Anping ta ce akwai wani wuri a bakin kogi da ake dafa kifi da tsamin kabeji, ita za ta ciyar da mu. Yaya ta riƙe masa gwiwar hannu saboda kunyar tana da santsi, suka yi gaba suna gardamar ko kifin kogi ne ko na tafki, ni da Anping muka biyo su a baya.